Jiniyar 'Yan Sanda a Zaman Makokin Nasiru

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun Nasiru ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawar.

Shekara huɗu muka yi a ɗaki ɗaya da Nasiru lokacin da muke karatu a Kalgo. Yana da kwamfuta laftof da mahaifinsa ya saya masa don karatu, kuma an yi karatun da ita, ba zan ce ba a yi ba. Amma a cikinta akwai wani tsohon wasa da ake sakin mutum a wani babban birni, ya fizge motar da ya ga dama, 'yan sanda su biyo shi. Nasiru gwani ne. Ni kuwa ko a cikin wasan tsayawa nake idan danja ta nuna ja (har yau ban ga laifin hakan ba). Sai ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Malam, ɓarawo ne kai fa. Wa zai tambaye ka lasisi?"

Bayan mun gama karatu na zauna a Kalgo ina koyarwa. Da ciwo ya kwantar da shi aka mai da shi gida Gwandu, ya bar mini kwamfutar ajiya. Bai dawo ba.

Mahaifinsa ya kira ni ya ce in taho da ita, yana son ganin hotunan ɗansa. Da safen ranar, kafin in tafi tasha, na kunna ta don in tabbatar akwai caji. Wai kawai caji. Sai na ga wasan, na shiga inda Nasiru ya tsaya. Ga mutuminsa tsaye a bakin titi da koriyar rigar da ya zaɓa masa, kamar mai jiran wani. Ban san me ya shiga kaina ba, na fizgi mota, karo na farko a rayuwata na keta danja. 'Yan sanda suka biyo ni, hawaye suka hana ni ganin hanya. Na rufe murfin na sa ta a jaka.

A Gwandu na tarar da ƙofar gida cike da tabarmi. Na yi ta'aziyya, Baba ya nuna mini gefensa, ya ce, "Buɗe muna mu gan shi." Daidai nan wasu baƙi suka iso, liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ni da nake gudun a ce na yi jinkiri, sai na ɗaga murfin.

Jiniya ta tashi. Harbi ya biyo baya, sai wani ƙato ya surfa ashar da Turanci (ina fatan ba kowa ya fahimta ba, amma akwai tsofaffin malaman makaranta a wurin). Na lalubi maɓallin rage murya, amma sai na danna maɓallin tuƙi. Motar ta hau kan wani mai tafiya a ƙasa, a gaban liman. Wani dattijo a bayana ya ce a hankali, "Wanga shi ne karatun?" Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba. Ya san ɗansa a matsayin mai karatu, ga shi na kawo masa wannan a gaban jama'a. Na ce, "Ni ne, Baba. Ni na kunna."

Bayan la'asar ya kira ni zaure, mu biyu.

"Shi ma shina yi?"

"To, wataƙila wani lokaci, idan an gama jarrabawa..."

"Kak ka yi mini ƙarya, ɗana. Ba ni da wanda zan tambaya in ba kai ba."

Sai na faɗa masa gaskiya. Na ce kullum yake yi, kuma ban taɓa ganin 'yan sandan wasan sun kama shi ba. Na nuna masa koriyar rigar, na ba shi labarin danja da lasisi. Ya daɗe yana kallon mutumin, sannan ya ce, "Haka yake. Tun shina yaro ba ya tsayawa wuri guda." Ya goge ido da bakin rawaninsa. Hotunan ma ba mu buɗe su ba ranar.

Kwamfutar tana wurinsa. Ban sake taɓa wasan ba, ko a wayar wani. Har yanzu idan na je Gwandu akwai masu kirana mai jiniya, ina amsawa. Darasin da na samu bai taka kara ya karya ba, amma shi nake da shi: rufe murfi ba kashewa ba ne. Abin da ka bari yana gudu a ciki yana nan yana jiranka, kuma ba ya duba wa ke zaune kafin ya tashi.