Yadda Za Ka Gwada Makullin Ofis a Kan Sunan Manaja

Matso nan, jikana. An ce ka rubuta ɗan firogiram da zai riƙa duba suna da kalmar sirrin ma'aikata kafin kwamfuta ta buɗe musu. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin a tashi aiki kowa a ofishin zai san sunanka.

1. Kada ka karanta bayani
Ka sauko da laburare daga intanet, wato guntun firogiram da wasu suka riga suka rubuta, wanda ke tambayar kwamfuta ko suna da kalmar sirri sun dace, ka liƙa shi yadda ka tsince shi. Bayanin da ya zo da shi na marasa aikin yi ne.

2. Zaɓi babban suna
Masu tsoro sukan ƙirƙiri sunan wasa su yi gwaji da shi. Kai ka wuce nan. Sa sunan Manaja, ai shi ma yana son a riƙa tunawa da shi.

3. Bar firogiram ɗin yana ta kuskure
Dole ka tabbatar yana ƙin kalmar ƙarya. To, sa shi ya yi ta cusa ƙarairayi ba tsayawa, kai kuma ka tafi shan shayi. Idan kuskure ya yi yawa kwamfuta takan kulle mai sunan gaba ɗaya. Wannan yana cikin bayanin da ba ka karanta ba.

4. Nuna damuwa
Ga baƙi zaune suna jiran takardar kwangila, ga Manaja yana dukan madannan kwamfutarsa.
"Kai, mai kwamfuta, me ya sa take ce mini ban san kaina ba?"
"Ranka ya daɗe, ko ka manta kalmar sirrin ne?"
"Sunan uwata ne, yaro."
Girgiza kai cikin tausayi.

5. Tabbatar da hujja
Mutum ɗaya ke iya buɗe wanda aka kulle, wato mai kula da kwamfutocin ofis. Kafin a kira shi, gwada firogiram ɗin a kan sunansa, don ka gane ko da gaske laifinka ne. Za ka gane. Shi ma zai gane, yana tsaye a bayanka.

Idan baƙi suka tafi da kwangilarsu, aka miƙo maka jakarka, kada ka ce ni na aike ka. Ni ko wayata ƙanwarka ce ke buɗe mini. Akwai katifa a ɗakin baya dai, amma ka taho da bargonka.