Rasuwar Farantin Sola da ke Kan Rufinmu

Da karyayyiyar zuciya nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar farantin solar gidanmu, wanda ya cika ranar Talata da la'asar, bayan shekara bakwai a kan rufi.

Baban yara ne ya kafa shi da hannunsa, shekara biyu kafin shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Marigayi farantin ba mai hayaniya ba ne irin janareta. Muryarsa ɗaya muka sani, tas-tas ɗin ruwan sama a kan gilashinsa. Shi ya riƙe firij ɗin da muke ajiye allurar ciwon sugar Inna, mahaifiyar mijina, kuma ko unguwa ta yi mako ba wuta, maganin bai taɓa ɗumi ba. Aibinsa guda ne: in hadari ya rufe sama kwana uku sai jikinsa ya yi sanyi, mu kashe fanka don firij ya samu.

Ciwon ajali ya soma ne daga notunan da suka riƙe shi. Mai gyaran lantarki ya hango tsatsa tun daga ƙasa, ya ce, "Uwar gida, bari in hau in sauya su kafin damina." Na ce a'a. Ban so wani ya kwance abin da Baban yara ya ɗaure ba.

Ranar Talata iska ta taso, ƙanƙara ta biyo baya kamar ana jifa da tsakuwa. Muna falo ni da Inna muka ji rufi ya yi ƙara, inbata, na'urar da ke kawo wutarsa cikin gida, ta yi kuka sau uku ta yi shiru. A tsakar gidan maƙwabcinmu mai walda muka sami farantin a kife, gilashi ya tarwatse. Inna ta dafa kafaɗata ta ce, "Bar kukan, 'yata. Ni ma da ban bari an taɓa ba."

Ya bar batir biyu, inbata, ƙwan fitila huɗu, fanka mai ciwon wuya, da firij da yanzu ƙofarsa ke buɗe. Allurar Inna ta koma firij ɗin matar mai walda, Allah Ya saka mata da alheri.

Sai da ya kife na ga bayansa karo na farko. Akwai rubutun Baban yara da baƙin alƙalami: "A duba noti duk shekara."

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da kurarsa. Mai walda ya yi alkawarin yanke mini wurin rubutun kafin a ɗauki gawa. Masu ta'aziyya su zo tun da sauran rana, kuma don Allah kada kowa ya tambaye ni yaushe zan sayi wani.