Ranar da Farfesa Ya Saita Amfilifaya

A duk layinmu babu mai kunne irin na Farfesa. Mu namu kunnuwan na rataya tabarau ne kawai, shi kuwa nasa baiwa ce, kuma da bakinsa ya shaida mana haka. Idan mota ta wuce da kiɗa sai ya runtse ido, ya ɗaga yatsa sama, ya girgiza kai cikin tausayi. Jami'ar da ta ba shi farfesancin ba mu san ta ba, amma tunda ba ya amsa gaisuwa sai an haɗa da sunan, mu ma muka bi.

Abu ɗaya ne ya kawo wa baiwar nan cikas: shekara uku ba aikin yi. Yayarsa ta yi ta roƙon mijinta har ya gaji, ya ce to, sabon shagonsa na kayan kiɗan mota yana neman manaja. Amma da sharaɗi: Farfesa ya zo gareji ranar da za a sa wa motar mijin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya saita gen a gabansa. In ya iya, kujera tasa ce.

Gen ɗin nan ɗan maɓalli ne a jikin amfilifaya, bai fi ƙwayar wake ba. In ya yi yawa sauti ya fashe, sifika ta ƙone. In ya yi kaɗan kiɗa ya fita ba ƙarfi. Masu sana'ar da mita suke auna shi.

Farfesa ya iso cikin farar riga, sukudireba a aljihun gaba kamar biro. Mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, wani dattijo marar surutu, yana ƙarƙashin sitiyari yana jan waya. Ya miƙo masa mita. Farfesa ya dube ta kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Baba, mita ai ta kurame ce. Ni a nan nake awo." Ya taɓa kunnensa.

Aka kunna rediyo, kiɗa ya tashi. Farfesa ya sa mai walda na gefe ya dakata, ya hana mai faci buga taya. Sannan ya tsuguna a bakin but ɗin motar, inda aka ɗaura amfilifayar, ya murɗa maɓallin ɗan kaɗan.

"Yaya, ka ji? Yanzu ganga ta fara numfashi."

Mijin yayar ya karkata kai. Wallahi bai ji wani bambanci ba, amma wa zai yarda a ce masa kurma a bainar jama'a? Sai ya gyaɗa kai.

Mai rewaya ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ai..."

"Baba, in ina aiki ba a yi mini magana."

Minti arba'in aka kwashe. Ya murɗa dama, ya ce sauti ya yi zafi. Ya dawo hagu, ya ce muryar mawaƙin ta yi wanka. Ya zauna gaba, ya koma baya, ya manna kunne a gilashi. Farar riga ta jiƙe sharkaf. Mutane suka taru, har da masu cewa lallai su ma sun ji. Daga ƙarshe ya miƙe, ya karkaɗe hannu.

"Kada kowa ya ƙara taɓa shi. Ko waɗanda suka ƙera ta ba su san tana da wannan sautin ba."

Nan mai rewaya ya fito, riƙe da wata jar waya mai kauri, bakinta yana reto.

"Maigida, in ya gama zan haɗa wa amfilifayar wuta. Tun ɗazu sifikun ƙofa ne ke yi, na ainihin motar."

Mai walda ya ɓoye fuska a bayan gilashinsa, kafaɗunsa na rawa. Masu cewa sun ji suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ya lallaɓa ya mayar da sukudirebarsa aljihu.

"Haɗa, Baba, ka sa mitarka," in ji mijin yayar. Sannan ya dafa kafaɗar Farfesa. "Ƙanena, zancen manaja dai a bar shi. Don darajar yayarka na so in ba ka gadin shagon, to amma shi ma aikin mai ji ne."