Ranar Da Na Haska Surukina A Bango

Ko me zan manta a duniyar nan, ban da ranar da na haska surukina a bangon aji, gaban manoma cike da ɗaki. Kunya kam na sha ta har na ƙoshi. Amma tun yanzu in gaya muku, kwamfutata tana nan, kuma ba mai raba ni da ita.

Katun nake zanawa a ɗakina a Ƙanƙara. Da na fara, 'yan'uwan maigidana suka ce matar aure da wasan yara ba su dace ba. Surukina, Baba Alhaji, shi ya raba gardama: a bar ni, muddin ban jawo wa gida magana ba. Har shi ya sa ƙungiyarsu ta manoman wake, wadda yake shugabanta, ta ba ni aikin ɗan fim a kan masu zabga wa wake maganin ƙwari kafin su kai rumbu.

Ga yadda aikin yake. Ba a shafi ɗaya ake zane ba, hawa-hawa ake yi, kamar a jera farar leda wata kan wata. Kowane hawa muna ce masa leya, kuma yana da ɗan ido a gefe. Ka rufe idon, leyar ta ɓuya. Manhajar tana barin ka adana saiti: wannan ya buɗe komai don aiki, wancan ya bar abin da jama'a za su gani kawai. Masu hankali suna ba saitinsu suna mai ma'ana. Ni nawa su ne "sabo", "sabo biyu" da "sabo na gaskiya".

Jarumin fim ɗin wani manomi ne mai taurin kai, na sa masa Malam Na-Ƙi. Na yi ta zana zamansa a kan buhu, ya ƙi fitowa. Sai na ga hoton Baba a wayar maigidana, ya harɗe ƙafa, ya ɗaga ɗan yatsa yana faɗa. Wallahi zaman da nake nema ke nan! Na sa hoton a leyar ƙasa, na bi layinsa, na canja fuska, sannan na rufe idon leyar. A wata leyar kuma na bar wa kaina rubutu, kamar yadda na saba: "A rage kumatu, kar a gane." (Baba fa, mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, in na hango shi a zaure sai in canja hanya.)

Ranar kasuwar 'Yankara aka sa za a nuna a wani ajin makarantar garin, don mutanen Faskari da Sabuwa su samu zuwa. Da safe sakataren ƙungiya ya bugo, wai a ƙara jimla ɗaya a tsakiyar fim. Na ƙara a gurguje, caji ya kusa ƙarewa, na danna "sabo na gaskiya", na fitar da fim ɗin. Ban sake kallo ba. Gwana ce ni ai, me zan kalla?

An toshe tagogin ajin da buhunan taki. Mata muna baya, Baba yana gaba a kujerar malami. Farko lafiya lau, ana ta dariya, ni kuma ina ta kumbura. Sai Malam Na-Ƙi ya hau buhu ya ce, "Ni da na shekara arba'in ina noma, wa zai koya mini?" Nan take hoton Baba ya bayyana a bayansa ɓaro-ɓaro, da hularsa, da yatsansa a sama. Ga kuma jan rubutuna a saman kansa. Ashe "sabo na gaskiya" shi ne saitin da ke buɗe komai.

Sai wani dattijo daga Sabuwa, wanda bai iya boko ba, ya taɓa na kusa da shi.

"Mi aka rubuta can?"

Bawan Allahn nan, maimakon ya yi shiru, ya karanta masa da ƙarfi. Dattijon ya ce, "Yo ai ko an rage mun gane shi. Alhaji, ashe kai ne Na-Ƙi?"

Dariyar da aka yi har 'yan kasuwa sai da suka leƙo. Na ja hijabi na rufe fuska, na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Yayar maigidana ta tare ni a tsakar gida.

"To, Hajiyar katun, an huta? Sai ki kai kwamfutar kasuwa."

Na ce, "Yaya, laifi na yi, kuma zan ba da haƙuri. Kwamfuta kau ba inda za ta."

Kwana biyu Baba bai neme ni ba. Ran na uku ya aiko. Na durƙusa daga bakin ƙofa, uwar mijina tana tsakaninmu.

"Baba, a gafarce ni. Ganganci na yi. Amma don Allah kar a ce in bari, shi kaɗai na iya."

Ya ajiye carbinsa, ya dube ni.

"In na hana ki, a ce gaskiya ta yi mani zafi? Jiya a masallaci har liman Na-Ƙi ya ce mani." Ya gyara zama. "Ki yi na biyu. A nuna mutumen ya bar maganin, ya koma buhu mai leda, mai kashe ƙwari ba sai da magani ba, shina koya ma mutane. Kuma ki sa fuskata sosai, tunda kin riga kin tona."

Na yi na biyun, da kumatunsa cif, ban rage komai ba. Shi da kansa ya kai shi Sabuwa.

Masu jiran in saduda su gyara zama, na uku nake yi. Abin da na koya ɗaya ne: rufe wa leya ido ba gogewa ba ne, tana nan tana jiran taro ya cika. Yanzu in na gama da hoton mutum, goge shi nake yi da Bismillah, musamman in a gidansa nake cin tuwo.