Rasuwar Gilashin Saiti da Hoton Baba Na'Allah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai laifi, ni Mutawakkil mai hoto na Bagudo nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gilashin saitin kyamarata, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi a kan teburina, bayan shekara ashirin da shida muna tare.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan gilashi ne da bai kai kwalin ashana ba, yana zaune can cikin kyamara mai fim. A kansa mai hoto yake ganin mutum, ya yi ta murza bakin kyamarar har fuskar ta fito tas, sannan ya danna. Marigayin mai duhu ne, ba zan ɓoye ba. In rana ta yi sanyi sai na matse ido kamar mai zura zare a allura. Amma bai taɓa nuna mini fuska ta fito alhali ba ta fito ba. Ba shi da surutu. Sautinsa ɗaya na sani, ƙis, ranar da na zare shi daga mazauninsa.

Idona ne ya yi rauni, sai na ɗora masa laifin. Shamsu direba, mai zuwa Kwatano, ya kawo mini wani mai haske da aka ciro daga wata irin kyamara daban. Na sa, na leƙa, na ga duniya kamar an wanke ta. Tsohon kuwa na naɗe shi a takarda na jefa a aljihun tebur, ko sannu babu.

Wanda na fara ɗauka da sabon shi ne Baba Na'Allah, tsohon masunci a Lolo. Duk rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi ba, balle da waya, don ya ce fuskarsa ba za ta yi ta yawo a aljihun mutane ba. Ɗiyarsa Aminat, da ke aure a tsallaken iyaka, ta shekara uku tana roƙonsa. Daga ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗin dannawa ɗaya, takarda ɗaya. Ya zauna a goshin kwalekwalensa, komar kamun kifinsa a kan gwiwa. Na leƙa, na ga har furfurar girarsa. Na danna.

Fim ya yi wuya yanzu, don haka na ƙi wankewa sai na cika hotuna talatin da shidan da yake ɗauka. Sati biyar na yi. A na huɗu Baba Na'Allah ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da na wanke, sai ga ciyawar da ke bayansa ta fito har ana ƙirgawa, fuskarsa kuwa kamar an hango ta cikin ruwa mai motsi. Ashe sabon gilashin ya ɗara tsohon kauri da abin da bai kai farce ba.

A nan jinyar marigayi tsohon gilashin ta fara, kuma ba ta kai minti ɗaya ba. Na ɗauko shi don in mayar, na ga sawun yatsana a kansa, na goge da fetur ɗin kwalba, wanda muke goge komai da shi a nan, daga fulogin babur har keken ɗinki. Nan take ya yi fari fat kamar an zuba masa nono. Roba ce, ban sani ba sai ranar.

Ya bar kyamara ɗaya da ba ta da mai faɗa mata gaskiya, da madubin da ke cikinta, da hotuna talatin da shida marasa fuska, da ni.

Ɗanmusa mai shagon kwamfuta ya ce wannan ba abin kuka ba ne. Ya sa hoton a na'ura, ta fito da wani dattijo mai kwarjini, idanu tangaran. Ba Na'Allah ba ne, amma ya kusa. Aminat ta shekara biyu ba ta ga mahaifinta ba, wataƙila ta karɓa ta rungume. Kwana uku ke nan ina tambayar kaina wanne ya fi zalunci, in ba ta uban da ba a gani, ko in ba ta baƙo ta rataye a ɗaki, 'ya'yanta su tashi suna ce masa kaka. Jiya ta sake bugo waya tana tambayar ko hoton Baba ya yi kyau. Na ce layi ba ya ji.

Ina roƙon jama'ar Lolo da Bahindi da Matsinkai, don Allah, duk mai hoton biki ko na kasuwa ya duba gefe-gefe, ko Baba Na'Allah ya faɗa ciki bai sani ba. Ko rabin fuska ne a kawo.

Za a binne marigayi gilashin a bakin kogi, ranar kasuwar Lolo mai zuwa, bayan azahar. Kafin nan Aminat za ta tsallako karɓar saƙonta, kuma hoton na gaskiya zan sa a ambulan. Masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa gidana. Su zo su tsaya kusa da ni lokacin da za ta buɗe.