Don Jibi da Layin Peru

Matso kusa, gyara zama, ka bar shayin ya huce tukuna, in ba ka labarin Don Anacleto Tarqui, mutumin da garinmu Santa Rufina bai cancanci samun irinsa ba. Shi da bakinsa ya sha faɗin haka, mu kuwa ba mu taɓa musa masa ba.

Shi ne mai kula da ilimi a gundumarmu, nan bakin gadar da ta raba mu da Peru. Aka tura shi taro La Paz, birnin gwamnatinmu, ya dawo da wani ƙaton zane mai layuka kala-kala, kowace ƙasa da nata, yana nuna yawan matan da ake hasashen za su gama sakandare nan da shekarar 2050. Tun daga ranar ya ƙaura daga zamaninmu. Ka gaishe shi yau, ya amsa maka daga can. Matan kasuwa suka laƙa masa Don Jibi.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne layin Peru, wanda ya haye namu. Cewa mutanen Peru sun ninninka mu yawa bai dame shi ba, wannan lissafin ƙananan ma'aikata ne.

"Jama'ar Santa Rufina," in ji shi a dandali, hannu a ƙirji, "Brazil giwa ce, na ƙyale ta. Chile ta yi nisa, na yafe mata. Amma Peru? Peru da nake jin carar zakarunta ina kwance a gadona? Muddin ina kan kujerar nan, sai layinmu ya taka wuyan nasu."

To, zane irin wannan ai sai bango mai faɗi. Bango mai faɗi kuwa ɗaya ne a ofishin gunduma, a ɗakin da matan aure ke karatun sakandare bayan an tashi kasuwa. Zango ɗaya ya rage musu. Cikinsu har da Doña Benedicta Poma mai soya kifi, wadda aka yi wa alkawarin gurbi a makarantar ungozoma in ta kawo takardar gamawa kafin shekara ta fita. Don Jibi ya sa aka fitar da bencuna, aka rataya zane, aka kafa allo: Cibiyar Nazarin Makomar Mace. Ranar buɗewa an busa ƙahonni, an zuba wa Pachamama, uwar ƙasa a al'adarmu, giyarta a kusurwoyi huɗu, shi kuma don ƙarin albarka ya yayyafa wa zanen kansa, har layin Paraguay ya zuba. Sannan ya garƙame ƙofa da kwaɗo, kada jahilai su taɓa.

Benedicta ta same shi da kifi a ƙunshe, tunda shi ne uban baftismar autanta, abin da muke kira kompadre, ita kuma komadrensa.

"Kompadre, ajinmu fa?"

"Komadre, ke mace ɗaya ce. Ni miliyoyi nake ɗauke da su a kaina, wasu ma ba a haife su ba. Ki yi haƙuri, a 2050 za ki gode mini."

Ta ce masa kafin lokacin ba ta da haƙoran yin godiya. Ya yi dariya irin ta manya, ya cinye kifin.

Matan suka gwada barandar coci, iskar tafki ta kore su. Sai wata ta tuna musu akwai ajin manya a tsallaken gada, takardarsa kuma tana aiki a nan in an buga mata hatimi. Dama kullum suna haye gadar da kaya. Suka riƙa cusa littattafai cikin zanen goyo, tsakanin dankali da albasa. Don Jibi yana hango su ta tagar cibiyarsa, yana yaba yadda cinikin kan iyaka ya bunƙasa a zamaninsa.

Da Disamba ta kama, suka zo masa da furanni, suna roƙon ya zama uban yayensu, wato ya zauna a babban tebur, ya yi jawabi, ya buɗe rawa. Ya amsa tun ba su rufe baki ba. Bai tambayi inda za a yi ba. Babban mutum ba ya tambaya, kai shi ake yi.

Ranar ya shiga kwat, masu busa a gaba, mata a baya. Da ayari ya hau gada, ya ɗauka tsokanar maƙwabta za a yi, ya shiga ɗaga musu hannu. Bai farga ba sai da ya gan shi zaune ƙarƙashin tutar Peru, ja da fari, shugaban makarantar can yana shaida wa jama'a cewa babu jami'in da ya taɓa turo musu ɗalibai masu yawa haka, har sunansa ya kai Lima, babban birninsu. Aka yi ta tafi.

Benedicta ta soke takardarta a ƙugu, ta kamo hannunsa zuwa fili.

"Taka a hankali, kompadre, ƙasar mutane ce."

Ya taka, don rawa kam ya iya. Sai dai ni har yau akwai abin da na kasa warwarewa, ko kai za ka taya ni: matan nan da ya yaye, a layin wa zai zuba su, namu ko nasu?