Gwaggo Mai Matse Hannu Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba zan iya haɗiyewa ba, ni Ƙauna Zira, mai kula da lafiyar ma'aikata a kamfaninmu na matsar man gyaɗa da ke Mubi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarmu ta awon hawan jini, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Litinin a kan teburin mai gyaran rediyo, cikinta a buɗe. Ba ta yi jinya ba, domin lafiyarta ƙalau aka kai ta.

Marigayiyar ta zo mana daga hedikwata a Yola, lokacin da aka ce kowane reshe ya riƙa duba ma'aikatansa duk wata. Leburorin injin ne suka raɗa mata suna, wai takan kama hannunka ta matse, ta faɗa maka abin da ba ka son ji. Ba ta da surutu. "Ɓuuu," ta hura iska. "Tsss," ta saki. "Tit-tit," ta gama magana. Ba ta san babba ba. Yadda ta matse mai gadi haka ta matse manajanmu, Malam Munzali, kuma tun daga ranar bai sake miƙa mata hannu ba.

Ta sha wuya tare da mu. Ranar da aka shigo garin nan da bindigogi a 2014, na bar tukwanena da keken ɗinkina, na ƙulle ta a zani na goya. Ta Duvu muka bi a ƙafa, muka hau duwatsu har Kamaru. A can, a gindin bishiya, ta auna tsofaffi da masu juna biyu har batirinta ya ƙare.

Da muka dawo ne laifinta ya fara. Akwai wanda ya binne ɗansa, akwai wadda har yau ba ta san inda ƙaninta yake ba, akwai wanda taya na fashewa sai a tsinto shi ƙarƙashin benci. In ka gaishe su, kowa ya ce lafiya lau, don haka aka koya mana. Ita Gwaggo ba a koya mata ba. Duk hannun da ta kama sai ta ce jini ya hau. Ga dokar hedikwata kuwa, wanda nasa ya yi yawa a ba shi hutu a tura shi asibiti. Ma'aikata suka ji tsoron hutu ya rikiɗe ya zama sallama, suka shiga shan zoɓo ba sukari da tauna tafarnuwa kafin awo. Ofishina ya yi ta wari, lambobin kuwa ko gezau.

Sai layi ya zo kan Baba Ezekiya, direban bas ɗin ma'aikata. Gwaggo ta haura ɗari biyu. Na canza hannu, ta maimaita. Na ce ya ajiye makulli mu tafi asibiti. Ya ce, "Ƙauna 'yata, in na zauna gida tunani ne za ya kashe ni. Kar ki gaya ma oga." Na gaya wa oga, domin mutumin nan yana ɗauke da rayuka a mota safe da yamma, har da nasa.

Malam Munzali ya duba ya ga in aka biye wa Gwaggo, shi da karen mai gadi ne za su rage a kamfani, kuma ba shi da wani direba. Sai ya ce, "Wannan mashin tsoro ya shige ta a daji. Ta yaya kowa zai zama mara lafiya? A kai ta a rage mata." Yana nufin a rage mata kamar yadda ake rage ƙarar rediyo. Ina can asibiti ina neman wa Baba kati aka ɗauke ta daga durowata. Mai gyara ya laluba cikinta yana neman inda ake murɗawa, bai samu ba, ya tsinke abin da ya tsinke. Waɗanda suka halarta sun ce ta yi "tit" sau ɗaya.

Ta rasu ta bar ɗamarar hannunta, marainiya. Da ƙaninta sikeli, wanda ya daɗe da koyon ƙarya shi ya sa yake raye. Da akwatin magani mai auduga kawai a ciki. Da hoton bango mai cewa a yawaita cin 'ya'yan itace. Manaja ya yi mana ta'aziyya, ya kuma sanar da magajinta: tattakin motsa jini duk Asabar, a zagaya filin ƙwallo. Mutanen da suka taka har Kamaru da yara a wuya, su za a koya wa tafiya.

Jiya Mama Salome, matar Baba Ezekiya, ta same ni a gida a unguwar Yelwa. Ta ce kofin shayi ya suɓuce masa, ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani. Ta roƙe ni in zo in auna shi ko sau ɗaya, ƙila ya ji maganar Gwaggo tunda ya ƙi jin tata.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a da safe daga ƙofar kamfani zuwa sito a Yola, inda za a rubuta cewa tsufa ne ajalinta. Ba zaman makoki, domin injin ba zai tsaya ba. Bas ɗin ma'aikata ce za ta kai ta, kuma manaja ya tabbatar direba lafiyarsa lau, tunda babu sauran mai musa masa. Ni zan zauna a gaba, gawar a cinyata. Ana roƙon mai rakiya ɗaya da ya iya tuƙi ya zauna kusa da Baba Ezekiya, ta gefen hannun da ya daina jin sitiyari.